Shirun Gudumomin Tufuvai

Tufuvai, 'Eua
10 ga Mayu, 1993

Yaya Lita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Heneli da yara. Mu nan mun gode Allah. Maigidana Peni kullum yana gona, gwaza ta yi kyau bana, yara kuma sai ci kamar fara.

Na san labarin ya riga takardata isowa, don matan cocinku na Sydney sun fi jirgin sama sauri, amma gara ki ji daga bakina. Mun dawo da Goggo Telusila gida daga asibiti ranar Alhamis. Teku ya yi mana kirki, ba ta yi amai ba, ni ce ma na yi. Likitocin Nuku'alofa sun ce sun yi nasu, saura namu. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. Ƙafar tana ɗan motsi, hannun kuwa yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Magana ta ƙi fita. Za ki ga kalma ta zo har bakin leɓe, sai ta koma. Amma kada kowa ya ce miki hankalin uwarki ya taɓu. Jiya aminiyarta Seluvaia ta shigo gaishe ta da zani a karkace, Goggo ta bi ta da ido tun daga ƙofa har sai da ta gyara.

A bakin gungumen bugu ta faɗi. Suna cikin bugun ɓawon itacen hiapo su uku kamar kullum, ita da Seluvaia da Akanesi, za su haɗa ngatu, zanen ɓawon da za a shimfiɗa a bikin jikar Akanesi. Ina wanki a bayan gida na ji guduma uku ta koma biyu, sannan duka suka tsaya. Tun kafin a ƙwala mini kira na san ba lafiya ba.

Nas ɗin da ta sallame mu, wata 'yar tsibirin Vava'u mai baki kamar reza, ta ja ni gefe ta ce, "Ke ce mai jinya? To buɗe kunnenki. Kada ki ba ta abinci a baki. Ki sa mata cokali a hannu ko da rabi zai zube. Ki zaunar da ita, ki tsayar da ita, ki ishe ta da surutu. Ku mutanen ƙauye da ladabi kuke ƙarasa tsofaffinku." Na ce, "Malama, yayar ubana ce fa." Ta ce, "Ko yayar kakanki ce."

Ki ji fa! Ni Lesieli, da ko ƙofar ɗakinta ban taɓa wucewa ba tare da na sunkuya ba, wai ni ce zan zauna ina kallon Goggo tana kokawa da cokali. Kanta kuwa kin san a al'ada mu 'ya'yan ƙaninta da mazajenmu ba mu isa mu kai hannu ba, sai Seluvaia ce ke zuwa ta taje mata gashi, tunda ita ba dangi ba ce. Ina dai yin yadda aka ce. Ran farko kuka ya ƙwace mini, ta harare ni, na haɗiye abina.

Da safe in su Seluvaia suka fara bugu a gindin mangwaro takan juya kai wajen taga ta yi lamo. Ni kuma sai in tuna mu muna yara a gindin bishiyar nan, kina wawure mini rabon kifina kina cewa ai kayan gidan kawu naki ne. Na yi kewarki, ɓarauniya.

Yaushe za ki zo? Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga ido.

Ƙanwarki,
Lesieli

Sydney
30 ga Mayu, 1993

Lesieli ƙanwata,

Takardarki ta iso. Na karanta ta a cikin jirgin ƙasa, na sake karantawa a ɗakin guga na otal ɗin da nake aiki, har na ƙona rigar matashin kai guda. Muna lafiya, sai sanyi da ya fara shigowa, Heneli na ɗan fama da tari. Ki gaida Peni. Allah ya saka muku, abin da ya kamata in yi ku kuke yi.

Zuwa kam ba yanzu ba, kuma faɗar haka ma ciwo take yi mini. Kin san halin da takardun zamana ke ciki. In na sa ƙafa na bar ƙasar nan, ƙofa ta rufe ke nan, ga yara uku, autar ko yaye ta ban yi ba. An ce in jira, ina jira.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Akwai wata da muke aiki tare, irin wannan ciwon ya kama ubanta. Ya fara samun sauƙi, aka kawo masa labarin da ya tayar masa da hankali, ciwon ya dawo, bai tashi ba. Tun da ta gaya mini ban yi barcin kirki ba. Don haka ki je wurin Seluvaia ki ce ni na aiko ki, su ajiye gudumominsu sai Inna ta yi ƙarfi. Mace ta yi shekara hamsin tana bugu, yau tana kwance tana jin wasu na yi a ƙarƙashin tagarta? Wannan ai cin rai ne. Sannan kada ki ambaci sunana a gabanta, kada ki karanta mata takarduna. In ta tuna da ni za ta so jin ranar zuwana, ba ki da amsa, sai kuka. Zancen nas ɗinki kuwa ki watsar. Ki ba ta abinci a baki. Uwata ba za ta yi kokawa da cokali ba ina raye.

Ba shawara nake ba ki ba, Lesieli, kin dai gane.

Ni da bugun nan na tashi. Ban san agogo ba sai da na zo nan. Ko daga bakin teku nake, cikin gudumomin garin duka ina tsinto tata: biyu a kan ɓawo, na uku ta kai shi gefen gungume inda babu komai, don daɗin kunne kawai. Tum-tum, tak. Tun da na yi wayo ban ga ta ajiye guduma ba sai ran Lahadi, ko in an yi rasuwa a gari. Nan akwai wani tsohon injin wanki da ke ƙwanƙwasa in ya yi nauyi, wani lokaci nakan tsaya kusa da shi kamar wawiya, har shugabarmu ta tambaye ni ko lafiya.

Na ba wani ɗan tsibirin Ha'apai bargo ya kawo mata. Ki ce daga coci ne. Kifin nan kuwa har yau ban ƙoshi ba, ki ajiye mini.

Yayarki,
Fololita

Tufuvai
28 ga Yuni, 1993

Yaya Lita,

Ina gaishe ki da su Heneli, da fatan tarin ya tafi. Bargo ya iso, an gode. Mu jikinmu lafiya, amma ba zan ce miki hankalinmu a kwance yake ba.

Na yi duk yadda kika ce. Da na gaya wa Seluvaia sai ta riƙe haɓa ta ce, "Mu daina bugu? Ngatun bikin fa, aljanu za su haɗa mana?" Na ce, "'Yar Telusila ce ta aiko." Sai ta ce, "To, in don Telusila ne, ko numfashi aka ce in rage zan rage." Ran Lahadi bayan sujada ta tara mata a ƙofar coci. Ke kin san mutanenmu. Maƙwabta kawai aka roƙa, sai garin duka ya ɗauka. Har matan can ƙarshen gari, da ko iska ba ta kawo mana bugunsu sai jefi-jefi, suka jingine gudumomi. Kowa na son a ce shi ma ya yi wa Goggo wani abu. Ɓawon da aka jiƙa aka sake shanya shi, Akanesi ta ce bikin ya jira.

Sunanki kuwa na kulle shi a bakina. Yara ma na ja musu kunne.

Yaya, tun daga nan komai ya koma baya. Kwanakin farko takan juya wajen taga da safe ta yi ta jira. Daga nan ta koma kallon fuskokin masu shigowa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani abu da aka ɓoye mata. Kowa ya yi mata murmushi ya ce, "Lafiya lau, Goggo, komai lafiya." Yanzu ta juya wa kowa baya, bango take kallo. Na yi mata ganyen gwaza da madarar kwakwa irin wanda take so, na kai cokali bakinta kamar yadda kika ce, ta datse haƙora. Ƙafar da ke motsi ma ta daina gwadawa.

Shekaranjiya na shiga da ruwan wanka na tarar da ita a ƙasa, gaban akwatin katakonta. Da hannu ɗaya ta ja jiki har can. Ta fito da baƙar riga da tsohuwar tabarmar makoki, wadda ta ɗaura a ƙugu lokacin rasuwar babana. Ba ta bar ni na huta ba sai da na sa mata rigar na naɗa mata tabarmar. Da ita take kwana. In na taɓa igiyar sai ta buge mini hannu.

Peni ya ce makokin kanta take yi, ta sallama. Ni da bakina na ce kada kowa ya ce hankalinta ya taɓu, yau ni ce ke jin tsoro. Ki gaya mini abin da zan yi. Teku ya fara hauka, ban san ranar da jirgi zai ɗauki takardar nan ba.

Ƙanwarki,
Lesieli

Sydney
8 ga Agusta, 1993

Lesieli,

Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Takardarki ta Yuni sai makon jiya ta iso, duk ta sha ruwa. Na karanta cewa ke da hannunki kika naɗa wa uwata tabarmar makoki tana da rai, kuma mijinki na cewa ta sallama. Ban gama haɗiye wannan ba, yau a coci wata da ta sauka daga gida ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Sannu Lita, ashe jikin Telusila ya yi kyau, har an mayar da ita bakin aiki." Na ce wane aiki? Ta ce ƙanwar mijinta ta wuce ta Tufuvai ta gani da idonta. An fito da Inna gindin mangwaro cikin sanyin nan, an ɗaure mata guduma a shanyayyen hannu da tsumma, su Seluvaia na gefe suna shewa. Kuma wai garin duka bugu ake kamar ana gasa.

Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Me na yi miki, Lesieli? Abu kaɗan na roƙa. Ko don ba na nan ne kika ga dama ta samu? Matar da ta yi miki sunan da kike amsawa, ta ɗauki ɗawainiyar bikinki, ita za ki ɗaure wa guduma kamar akuya don ngatun Akanesi ya fita a kan lokaci? In jinyar ta ishe ki, ki faɗa, akwai dangin babana a Nuku'alofa, zan rubuta musu su zo su ɗauke ta a jirgi na gaba.

Ban taɓa zaton zan rubuta miki irin wannan takarda ba.

Fololita

Tufuvai
23 ga Agusta, 1993

Yaya Lita,

Ina gaishe ki, ko da ke gaisuwar taki ba ta cika cokali ba. Muna lafiya. Goggo tana lafiya, kuma yanzun nan ta gama cin dafaffiyar ayaba da hannunta, rabi a baki rabi a tabarma.

Na karanta takardarki na yi fushi na kwana biyu, Peni ya sha wahalata. Da a gabana kike da na manta ke 'yar goggo ce. Na rubuta miki a Yuli, jirgi bai tashi ba, mai kai saƙon ya riƙe ta a aljihu har ta zama dusa. To ga abin da ƙanwar mijin waccan ba ta gani ba.

Wata Talata da hantsi Seluvaia ta zo taje wa Goggo kai. Ina gefe ina ɓare kwakwa. Goggo na kwance cikin baƙar rigarta, ta rame, ta ɗora hoton bikinki a ƙirji, wanda ta sa aka ciro mata daga bango. Seluvaia, kin san bakinta ba ya iya zama, ta yi hamma ta ce, "Kai, garin nan ya yi tsit kamar an yi mutuwa."

Yaya, sai Goggo ta cafke mata wuyan hannu. Ta ɓarke da wani irin kuka da ban taɓa ji ba, babu kalma a ciki, tana ɗaga hotonki tana kallonmu. Matajin ya faɗi daga hannun Seluvaia. Ta dubi hoton, ta dubi tabarmar, ta dubi taga. Ta ce, "Lesieli, yaushe rabon da a ambaci Lita a ɗakin nan?" Na ce, "Tun watan Yuni." Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo mu! Mun kashe mata 'ya!"

Ki zauna ki duba yadda ita ta duba. A garin nan yaushe gudumomi ke yin shiru ba ran Lahadi ba? Ke da kanki kika rubuta mini. Rana ɗaya gari ya ɗauke. Ta ƙirga masu shigowa, kowa ya zo, babu wanda ya ɓace. Mutum ɗaya ce aka daina kiran sunanta, takardunta suka daina zuwa, yara in sun ga hotonta sai su kau da kai. Kowa kuma sai murmushi yake yi mata yana cewa lafiya lau. Ga shi ba ta da bakin tambaya. Makokinki take yi, Yaya, ita kaɗai, wata guda cur, muna zagaye da ita muna lallaɓawa.

Na durƙusa na ce, "Goggo, Lita na nan da ranta! Na rantse miki tana nan!" Na ɗauko takardarki na nuna mata. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini in na ce ba ni na shanye zuma ba. Ai mara lafiya kowa na iya yi masa ƙarya. Seluvaia ba ta tsaya ba, ta fita da gudu da wannan jikin nata tana ihu, "Akanesi! Fito da guduma, tsohuwar banza, fito!" Ko ɓawon kirki ba su jiƙa ba suka hau gungume. Ba a jima ba na ji na gidan mai wa'azi sun amsa, sannan na bakin hanya, sannan can ƙarshen gari. Goggo ta daina kuka ta kasa kunne. Ta san ni zan iya yi mata ƙarya, amma ba macen da za ta ɗaga guduma a Tufuvai in da makoki. Ranar ta sha romon kifi.

Zancen ɗaure hannu kuwa, ga yadda aka yi. Su biyun nan ba su iya bugu ba sai da ita, sai karo suke yi. Seluvaia ta ce ita da gangan take ɓatawa don ta tunzura Goggo, ni dai ban yarda ba. Kwana kaɗan Goggo ta ƙosa, ta yi ta dukan ƙasa da hannun hagu har sai da muka ɗauke ta muka kai gindin mangwaro, cikin bargonki, ba cikin sanyi ba. Ta karɓi gudumarta da hagu. Sannan ta ɗauko hannun daman da kanta ta ɗora a kan ƙotar, ya zame, ta sake ɗorawa, ya zame. Ta nuna mini tsumma da baki. In ce mata a'a? Ke kin taɓa ce mata a'a? Shewar da aka ji kuwa, Seluvaia ce ta ce, "Telusila, ko da rabin jiki kin fi Akanesi," Goggo ta yi dariya da rabin baki. Ita ce dariyarta ta farko.

Yanzu kullum da safe sai ta fita. Peni ya kafa mata gora tun daga ƙofa har gindin bishiyar, tana dafawa tana jan ƙafa, ni ina gefen dama. Hagu ke bugun, dama na bin ta a ɗaure. Yatsun sun fara ɗan riƙewa, amma hannun bai taɓa ɗagawa da kansa ba, kuma wannan ne ke cin ranta. Cokali na mayar mata. Nas mai bakin reza ta fi mu gaskiya.

Abu ɗaya ya rage. Baƙar rigar ta ƙi cirewa, tabarmar kuma tana ƙugunta. Na karanta mata takardarki ta Mayu, na tsallake inda ya kamata, ta saurara, amma na ga akwai sauran shakka a idonta. Sai ta ji muryarki. Ki sa rana, ki kira ofishin waya na 'Ohonua, mu za mu kai ta.

Dangin babanki kuma ki ce su sha zamansu.

Ƙanwarki duk da haka,
Lesieli

Sydney
5 ga Satumba, 1993

Lesieli ƙanwata, uwar ɗakina,

Muna lafiya. Ki gaida Peni, ki ce na gode da gorar. Ki gaida Seluvaia da Akanesi, ki ce Lita ta durƙusa.

Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasan ɗakin girki. Heneli ya shigo ya zaci mummunan labari ne. Na ce masa, "Ni ce na mutu, kuma ni na aika a yi shirun." Bai gane ba, ni ma ban iya yi masa bayani ba. Ina nan ina tsoron kada wani ya tayar mata da hankali, ashe ni ce. Waccan takarda ta Agusta ki sa ta a murhu, ki yafe mini.

Asabar, ashirin da biyar ga wata, da hantsinku zan kira. Na riga na roƙi hutun ranar. Ki gaya mata tun yanzu, ki yi ta gaya mata kullum, ki kira sunana har ya ishe ta. Ina tuna ofishin nan yana da matakala a ƙofa. Za ta iya hawa? In ba za ta iya ba Peni ya ɗauke ta, ko da yake na san za ta ci shi da ido.

Ban san me zan ce mata ba. Shekara tara ban ji muryarta ba, yanzu kuma an ce muryar ta tafi.

Yayarki,
Lita

Sydney
26 ga Satumba, 1993

Lesieli,

Lafiya muke. Ban iya jira ba, layin ya yanke kafin a ba ki, na yi ta sake kira bai shiga ba.

Da mai ofishin ya ce, "Ga ta nan," sai na ji numfashi kawai. Na san nata ne. Na ce, "Inna, ni ce. Lita ce. Ina nan, ban mutu ba." Na ji ta ja wani dogon numfashi. Daga nan na zama rediyo. Na gaya mata sunayen yara, na ce autar ta yi haƙori, na ce Heneli ya yi tumbi, na ce bargon nan ni na aiko ba coci ba. Ina jin tana ƙoƙarin fito da wani abu, sautin na zuwa yana karyewa, har ta yi wata ƙara ta haushi irin wadda take yi in zare ya sarƙe mata. Na ce, "Bari, Inna, kada ki wahalar da kanki." Teku kawai ke shuu a tsakaninmu.

Sai na ji ƙwanƙwasa a kan katako. A hankali, da nauyi. Biyu, sannan ɗaya a gefe. Aka ɗan tsaya, aka sake. Tum-tum, tak.

Lesieli, na koma 'yar shekara bakwai. Na ji warin jiƙaƙƙen ɓawo, na ga hayaƙin murhun safe, na gan ki da majina kina bin bayana. Ina tsaye a gaban wayar maƙwabta, matar gidan na kallona, na rasa abin bugawa sai na ɗauki cokalin shayinta na amsa a kan tebur. Inna ta sake yi, na sake amsawa. Na kuskure sau ɗaya, ta tsaya cak har sai da na gyara. Muna cikin haka layin ya ɗauke.

Ban yi barci ba, tambaya ɗaya ke yawo a kaina. Kin ce hannun dama bai taɓa ɗagawa da kansa ba. Kada ki lallashe ni, na gaji da lallashi, na ga abin da yake jawowa. Da wane hannu ta buga?

Yayarki,
Lita

Tufuvai
11 ga Oktoba, 1993

Yaya Lita,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, mangwaro ya yi fure, an sa bikin jikar Akanesi ƙarshen wata. Goggo ta fara cewa "a'a", kuma tun da ta same shi ba ta bar kowa ya huta ba.

Ranar nan tun asuba ta tashe mu. Muka ɗora ta gaban motar ɗaukar rogo, Seluvaia ta ce ko ana yanka ta sai ta je, ta cika bayan motar ita kaɗai. Matakalar kuwa Peni ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta yi masa kallo ɗaya ya ja da baya. Da ƙafarta ta hau, tana dafe da kafaɗata, duk mutanen da ke layi suka miƙe tsaye suka ba ta hanya.

A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi. Da muka iso ƙofar gida ta tsaya a bakin gorar, ta ja igiyar tabarmar ta sake ta ta faɗi ƙasa. Na naɗe na mayar akwati. Washegari ta nuna jar rigarta mai furanni, wadda kika aiko mata shekarar da kika tafi.

Tambayarki kuma. Da aka zaunar da ita a gaban teburin, mai ofishin ya miƙo kan wayar, na kai hannu zan riƙe mata a kunne, sai na tsaya. Kan Goggo ne, ban isa ba. Peni ma bai isa ba. Seluvaia da ta isa, ƙofar ɗan ɗakin ta yi mata kaɗan, tana waje tana leƙe. Goggo ta dube mu duka, ta karɓa da hagu ta manna a kunnenta, kuma ba ta sauke ba har layin ya yanke.

Hagu na kunne, Yaya. Ke ki duba wanda ya rage.

Ƙanwarki,
Lesieli